Kanwa a Bakin Fangali

Daga Disamba zuwa Afirilu, wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau ba zai ga kore a ƙasar Tsafe ba sai a kwari. Gonakin tudu sun koma kututturen dawa da ƙura. Rayuwa ta gangara fadama, inda ƙarar injin ban-ruwa ke tashi tun bayan asuba, matasa na jan tiyo daga wannan fangali zuwa wancan, ana shayar da albasa da tumatir da attaruhu.

'Yandoto, da ke ƙasar Tsafe, ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, har zuwa lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen 1806. Yau yawancin mutanenta noma ne abin yinsu, na damina da na rani.

A lambun rani ne ake ganin wata matsala. Ka duƙa a bakin fangalin da aka shayar shekaranjiya, wani wurin za ka tarar da fari-fari ya kwanta bisa kunya, ka murza shi ya narke a yatsa. Ganyen albasar da ke kusa ya ƙone daga baki, ta tsaya ba ta yin kai, alhali gindinta da danshi. Manoma kan ce wurin ya yi kanwa. Gishirin da ke ƙasar ne ke riƙe ruwan, saiwa ta kasa zuƙa, shuka ta yi yaushi tana tsaye cikin laima.

Ba wanda ya zuba shi. Kowane ruwan rafi ko na rijiya yana ɗauke da ɗan gishirin da harshe ba ya ji. Rana da iskar hunturu su kwashe ruwan, gishirin ya zauna. A jigawa damina na wanke shi ya nutse. A laka kuwa, inda ruwa ke shiga ba shi da mafita, bana na hawa kan bara.

Gishiri da kanwa ba ciwo ɗaya ba ne, ko da yake a baki ana haɗa su. Ƙasa mai gishiri, in ta sami ruwa mai kyau da magudana, tana wankuwa. Mai kanwa ta fi taurin kai, domin sinadarin sodiyam yana wargaza ƙwayoyin laka su toshe ƙofofin ƙasa. In ta jiƙe sai santsi, ruwa ya kwana a kai bai shiga ba. In ta bushe fartanya ta riƙa tsalle. Shanu kan tsaya suna lasar irin wannan wuri, makiyayi ya ji daɗi, mai gona yana kallo. Abin dariya ma, kakanninmu kuɗi suke biya a kawo musu kantun gishiri daga Bilma da kanwa daga Barno a bayan raƙumi da jaki.

A wannan yanki abin tabo-tabo ne, bai ci fadama gaba ɗaya ba. Wanda ke son ganin inda yake kaiwa sai ya bi Gulbin Sakkwato, ya wuce Gusau da Bungudu, ya isa madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. An kammala madatsar a 1978 don shayar da dubban hekta. Da magudanun fitar da ruwa suka cike da yashi da ciyawa, ruwa ya kwanta a wasu gonakin, amfani ya ja baya, har sai da aka zo gyara da rancen Bankin Duniya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da shuka ta yi ja sai a ruga kasuwa a ƙaro kamfa ko yuriya. Takin zamani shi ma dangin gishiri ne. A ƙasar da ta riga ta ƙoshi, ƙarin ƙuna yake yi. Abin da ke sassauta ƙasa mai kanwa shi ne jibsam, dutsen da ake haƙa a wajen Dange da Shuni a Sakkwato. Ba kowa ya san cewa takin sufa yana ɗauke da shi da yawa ba. Sai takin shanu, da buntun shinkafa, da lulluɓe fangali da tattaka don rana ta rage zuƙe danshi. Albasa da wake ba sa jure gishiri ko kaɗan. Alkama ta fi su, auduga ta fi alkama.

A nan rashin tsaro ya shigo cikin maganar. Satar shanu ta rage garken da ke kwana a gona bayan girbi su bar taki. Gonakin nesa sun gagara zuwa, jama'a sun matsu a fadamun da ke kusa da gari, ana nomansu rani da damina ba hutu. Da yawa kuma haya suke yi ta shekara guda. Wanda bai san ko baɗi zai sake samun fangalin ba, da wuya ya haƙa magudana, balle ya je ya roƙi maƙwabcinsa na ƙasa ya bar ruwan gishiri ya ratsa ta cikin albasarsa.