Kogwannin Mutanen Dā a Bakin Teku

Kusa da garin Mossel Bay na Afirka ta Kudu akwai hanyar ƙafa da ta bi gaɓar teku, ta bisa kogwannin dutse na Pinnacle Point. A shekarar 2000 masana tarihi suka fara tonon ƙasar cikinsu, hawa-hawa, sannu a hankali. Suka tarar da ƙumba, da tokar murhu, da jar ƙasa, da wuƙaƙen dutse. Wannan ya tabbatar cewa kimanin shekaru 164,000 da suka shige ɗan Adam yana neman abinci a teku.

Baƙi sukan shiga tare da ɗan jagora, kuma ba a taɓa komai. Dalili kuwa, daga hawan ƙasar da ƙumba take kwance ake gane shekarunta. Da zarar an ɗauke ta, lissafin ya ɓace ke nan.