Rosashiya: Ciwon fuskar da ake ɗauka ƙuraje ne

Mace ce da ta haura shekara 30, ta daɗe da wuce lokacin ƙurajen balaga, sai ga ƙananan ƙuraje sun feso mata a kumatu da hanci. Da zarar ta tsaya gaban murhu ko ta kurɓi shayi mai zafi, fuskar sai ta ɗauki raɗaɗi kamar an goga mata barkono. Wata ƙawa ta ba ta man shafawa, abin ya lafa na 'yan kwanaki, daga baya ya dawo da ƙarfinsa. Irin wannan ne likitocin fata ke kira rosashiya.

Ciwo ne mai daɗewa da ke kama tsakiyar fuska: kumatu, hanci, goshi da haɓa. Yakan tashi ya kwanta, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. An fi ganinsa a mata, amma a maza ne ya fi sa fatar hanci ta yi kauri ta kumbura. Wasu kuma idanunsu ke bushewa, su ji kamar yashi ya shiga. Har yanzu ba a gano ainihin musabbabinsa ba, sai dai gado da garkuwar jiki da jijiyoyin jinin fuska duk suna da hannu, haka ma wasu ƙananan ƙwari masu suna Demodex da ke zaune a ƙofofin gashin fuska.

A farar fata, jan fuska ne ke tona asirinsa. A baƙar fata jan ba ya bayyana sosai, sai dai wurin ya yi duhu, ya yi ɗumi, ga raɗaɗi. Shi ya sa mutane da yawa ke shekaru suna maganin ƙuraje. Mafi muni shi ne mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, ciki har da wasu mayukan bilicin: suna kwantar da shi na ɗan lokaci, sannan su tsananta shi.

Ba a warkewa daga rosashiya kwata-kwata, amma ana iya shawo kanta. Likita kan rubuta man metronidazole ko ivermectin ko azelaic acid, idan ta yi tsanani ya haɗa da ƙwayar doxycycline, wadda ba a ba mai juna biyu. Sauran aikin na mai ciwon ne. Ya lura da abin da ke tayar masa da shi: rana, yaji, abin sha mai zafi, giya, iskar hunturu ko damuwa. Ya riƙa wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba tare da dirza ba, ya shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama.

Duk wanda fuskarsa ta daɗe tana zafi da ƙuraje bayan ya girma, ya ajiye man kasuwa, ya nemi likitan fata tun kafin ciwon ya yi nisa.