In Babur Ya Ƙi Tashi, A Fara Da Fulogi

Ran wata Laraba, bayan an ci kasuwar Achida, na fito da la'asar zan koma Wurno, sai babur ɗina ya ƙi tashi. Yamaha AG 100 ne, irin wanda aka daɗe ana ba malaman gona da ma'aikatan lafiya domin ratsa yashi da fadama. Na yi ta buga kik har gumi ya jiƙa mini riga. To, duk mutumin yankin nan ya san magariba ba lokacin tsayawa a hanya ba ne, tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba.

Har na ce a kwance mini kabureta, sai wani dattijon bakanike ya ce, "Malam, fid da fulogi tukuna." Da muka fitar sai ga shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da fetur. Ashe laifina ne: na ja cok alhali injin da sauran zafinsa, mai ya yi masa yawa. Ya rufe makunnin mai, ya murɗa totur har ƙarshe, ya buga kik kamar sau goma ba fulogi, ya goge shi ya mayar. Bugu biyu ya tashi.

Irin wannan babur shi ake kira mai bugu biyu, watau wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, shi ya sa yake hayaƙi. Baƙin man nan kuwa yana barin dauɗa a bakin fulogi, saboda haka yawancin ƙin tashinsa daga nan yake. Fulogi kuma ba ya ɓoye abin da ke cikin inji. In ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In baƙi ne mai danshi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In kuwa ka buga kik da yawa amma ya fito a bushe ƙayau, fetur ne ba ya isowa.

Ga yadda ake gwada wuta. Sa fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin, ka riƙe ta wajen roba, sa'an nan a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake nema. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, sai a gwada sabon fulogi kafin a zargi kwayil. Tazarar bakinsa kimanin milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. A kuma duba maɓallin kashe inji da ke kan hannu, yara suna son taɓa shi. A yi hankali, kada a yi gwajin nan kusa da fetur da ya zube.

Idan wuta na nan, sai a bi mai. Zare tiyo daga kabureta ka buɗe makunni. In bai zubo sosai ba, buɗe murfin tanki ka gani, domin akwai 'yar ƙaramar huda ta iska a murfin wadda ƙura ke toshewa. Mu da muke sayen fetur na kwalba a ƙauyukan Rabah da Goronyo mun san wani lokaci yana zuwa da ruwa ko ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin kabureta yake kwanciya. Sassauta sukurun ƙasa ya tsiyaye, ba sai an wargaza kome ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar soson tace iska. Da hunturu ƙura takan cika shi, babur ya shaƙe, sai mutum ya cire ya yar, ya ce ga shi ya tashi. Lalle zai tashi, amma daga ran nan yashi yake sha, kuma yashi ke cinye ringi da fistin. Kuɗin gyaran ya fi buhun albasa. A wanke soson da kananzir, a matse, a bar shi ya bushe, a shafa masa baƙin mai kaɗan a mayar.

Wanda yake so ya san ko ringi ya riga ya mutu, sai ya toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In bai ture ba, wannan aikin bakanike ne. Babur da ya daɗe a ajiye kuma, a leƙa bakin salansa, zanzaro yakan yi gini a ciki.

Game da baƙin mai, man 2T ne nasa, ba na mota ba. In famfon da ke ba shi mai yana aiki, a dai riƙa duba ƙaramin tankin. In an cire famfon, sai a zuba kamar mililita 30 zuwa 40 a kowace lita ta fetur, a girgiza. Yanzu da Bajaj Boxer mai bugu huɗu ya cika gari, ba kowane mai kayan gyara ke ajiye fulogin masu hayaƙi ba. Nawa biyu nake saya in na shiga Sakkwato, masu lamba ɗaya da tsohon, in naɗe su a tsumma tare da sifana a ƙarƙashin sirdi.