Wa Ya Mai da Gyaɗa "GyaWa"?

Takardar wata ƙungiyar manoma ce a Kunci, jerin amfanin gona da bashin taki, aka kai shagon kwamfuta a buga. Duk inda sakatare ya rubuta "gyaɗa" sai ta fito "gyaWa". "Kuɗi" ya koma "kuWi", "ɓawo" ya koma "Sawo", "ƙasa" kuwa "™asa".

Yaron shago aka fara zargi, kamar kullum. Amma kuskuren hannu ba ya bin ƙa'ida, wannan kuwa ko sau ɗaya bai kauce ba: ɗ kullum W, ɓ kullum S. Injin bugawa ma ba ruwansa, don ɓarnar tana cikin fayil tun lokacin da manhajar lissafin ƙungiyar ta fitar da shi. Kuma haruffa masu lanƙwasa kaɗai abin ya ci.

A nan bakin zaren yake. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, daidai buƙatar Turanci, kuma bayit guda ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. A tsarin Unicode kuwa lambar ɗ 599 ce, ta ɓ 595, ta ƙ 409. Idan mai rubuta manhaja ya cusa irin wannan faffaɗan harafi cikin bayit guda da ƙarfin tsiya, sai saman lambar ya gutsure. Cire 512 daga 599, saura 87, lambar W ke nan. 595 ta bar 83, wato S. Cire 256 daga 409, saura 153, wadda a tsarin Windows-1252 alamar ™ ce.

Abin haushin, harshen rubuta manhaja na C yana da umarni mai suna wctob don wannan aikin, wanda ke sanar da cewa harafin ba zai shiga bayit guda ba. Wanda ya rubuta manhajar bai tambaya ba, ya yanke kawai. Da ya bi tsarin UTF-8, da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, da ɗ ta sami bayit biyunta ta wuce lafiya.

Gyaran fayil ɗin a dunƙule bai yiwu ba, don W ta "Wudil" da W ta "Wan'uwa" sun zama abu ɗaya. Dole sakatare ya koma littafinsa na hannu, layi-layi.