Gidan Makama: Daga Mazaunin Sarauta Zuwa Ofishin Hukuma da Gidan Tarihi

Duk ɗalibin da aka taɓa ɗebowa daga Ɗanbatta ko Makoɗa zuwa birnin Kano yawon buɗe ido, da wuya a mayar da shi gida ba a bi da shi ta Gidan Makama ba. Gidan yana daura da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. Mafi yawan masu ziyara kayan da aka jera a ciki suke kallo, alhali kuwa shi kansa ginin daɗaɗɗe ne.

Asalin gidan yana komawa ne ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Ruwayar da ta fi shahara ta nuna cewa a nan Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, daga baya kuma gidan ya zama mazaunin mai riƙe da sarautar Makama. Wannan sarauta ba baƙuwa ba ce ga mutanen Ɗanbatta, domin Makama da Sarkin Bai, tare da Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta, su ne masu zaɓen Sarkin Kano tun bayan jihadi.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin Kano, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Da Turawa suka rasa ginin da zai ɗauki harkokin mulkinsu, sai suka mayar da Gidan Makama ofis na ɗan wani lokaci. Daga bisani aka raba shi uku: sashe ya zama makarantar firamare, sashe gidan tarihi, sashe kuma ya ci gaba da zama na Makama. Irin wannan sauyi ya faru da gidajen sarauta da dama a Turai. Fadar Basai ta Faransa ma gidan tarihi aka mayar da ita a 1837. Sai dai waɗancan da dutse aka gina su, namu kuwa da ƙasa.

To, yaya aka yi ginin ƙasa ya ga ƙarni biyar? Amsar farko ita ce, ba kowane tubali da ke jikinsa ne na zamanin Rumfa ba. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da gyara, kowace shekara a sake yaɓe, inda ya zube a tayar. Saboda haka raba gidan da aka yi, duk da ya rage masa kwarjini, a ganinmu shi ya cece shi, domin gidan da ake shiga kullum ba a barinsa ya yi yoyo. Ganuwar birni da ba ta da mai zama a cikinta, kowa ya ga yadda ta ƙare.

Amsa ta biyu tana ga fasahar magina. Tubalin gargajiya da hannu ake mulmula shi, ƙasansa faɗi, samansa tsini, a shanya shi a rana. Ana kwaɓa ƙasar da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki, zaren ciyawar kuma shi ke hana bango tsagewa idan ya bushe. Ana yin gindin bango da kauri, yana sirancewa zuwa sama, don nauyi ya sauka a kan tushe mai faɗi. Kaurin nan kuma yana jinkirta shigar zafi: abin da bango ya sha da rana ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da iska ta huce. Wanda ya taɓa zama a aji mai rufin kwano a watan Afrilu ya san bambancin.

Rufin ya fi komai ban sha'awa. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a bi da wata, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Ta haka ake samun soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. A waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don ruwa ya zame, indararo kuma ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango.

Barazanar da ke fuskantar irin wannan gini a yau ba ta ruwan sama kaɗai ba ce. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yana tare danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har shafen ya ɓantare. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa yanka, ga shi ana sare ta ba a dasawa, maginan da suka iya ɗaurin baka kuma tsufa yake cim musu.

Malaman kimiyya za su iya gwada batun zafin nan da ɗalibansu ba tare da kashe kuɗi ba. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a rataye ɗaya a soron ƙasa na cikin gari, ɗaya a aji mai rufin kwano, a riƙa rubuta abin da suka nuna da ƙarfe 8 na safe, da 2 na rana, da 8 na dare, har tsawon mako guda.