Tsofaffin Jami'an Leƙen Asiri da Sha'anin Tsaron Ƙasa

Jami'in leƙen asiri yakan ajiye aiki, amma sanin mutane da amanar da ya ƙulla da masu kawo masa labari ba sa barinsa. Shi ya sa gwamnatocin Najeriya suka saba waiwayar irin waɗannan mutane idan tsaro ya taɓarɓare, domin da tsohuwar zuma ake magani.

An kafa hukumar leƙen asiri ta NSO a 1976, bayan kisan Janar Murtala Muhammed. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe ta, ta raba aikinta gida uku: SSS, wadda aka fi sani da DSS, tana kula da cikin gida, NIA tana kula da ƙetare, DIA kuma da ɓangaren soja.

Da yawa daga shugabannin waɗannan hukumomi an sake kiran su. Janar Abdullahi Mohammed, shugaban NSO na farko, ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a 1998. Isma'ila Gwarzo, wanda ya fara jagorantar SSS, ya riƙe wannan kujera a zamanin Janar Sani Abacha. Janar Aliyu Mohammed Gusau ya hau ta a 1999, ya komo a 2010, sannan ya zama ministan tsaro a 2014. Lawal Daura da Yusuf Magaji Bichi duk sun yi ritaya kafin a ba su ragamar DSS, na farko a 2015, na biyu a 2018.

Babban amfanin irin waɗannan tsofaffin jami'ai shi ne iya tantance labari. Rahoton sirri yakan zo ne gutsure-gutsure: baƙo ya kama haya bai ce daga inda ya fito ba, wani yana sayen burodi da fetur fiye da kima yana nufar daji. Wanda ya daɗe a aikin ya san wanne ne ƙishin-ƙishin, wanne ne ƙazafin abokin gaba, wanne kuma ba ya kwana. Suna kuma horar da na baya, suna zama a kwamitocin bincike da na sulhu.

Kudancin Jigawa ya ga muhimmancin wannan. Birnin Kudu da Gwaram suna iyaka da Jihar Bauchi, kuma a Afrilun 2014 'yan bindiga sun kai hari ofishin 'yan sanda na Gwaram. A Yulin shekarar sojoji suka fatattaki 'yan ta'adda daga dajin Balmo da ke yankin. A irin wannan yanki, labari yana fara fitowa ne daga mai unguwa, maharbi, ɗan acaɓa ko dillalin shanu a kasuwar Sara, ya bi ta dagaci da hakimi zuwa kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma. Ɗan gari da ya yi ritaya daga aikin yakan zama tsani, saboda talaka ya fi sakin jiki da wanda suke haɗuwa a masallaci. Gwaram ma ta fitar da Suleiman Abba, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2014 zuwa 2015, wanda aka naɗa shugaban kwamitin amintattu na asusun tallafa wa 'yan sanda a 2020.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Maido da tsoho yakan toshe wa na ƙasa hanyar ƙarin girma, kuma dabarun jiya ba lallai su kama mai garkuwa da mutane da ke amfani da wayar salula ba. Siyasa ma takan gurɓata aikin: a Agustan 2018 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami Lawal Daura bayan jami'an DSS sun tare ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Haka nan dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 tana ɗaure bakin jami'i ko bayan ritaya, don haka shawararsa ta fi amfani idan ta bi ta hannun hukuma, inda majalisa da kotu ke iya sa ido.