Bangon da zai iya shiga gida

Kwanakin baya wani aminina da ya ƙudiri aniyar fitar da mujallar waƙa ta matasa ya ɗora mini nauyin binciko masa irin bangon da 'yan shekara 14 zuwa 19 za su yi na'am da shi. Na karɓa cike da gadara, domin kuwa ni ɗan zamanin mujallar Fim ne, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, shekarar da Alhaji Mamman Shata ya kwanta dama. A ganina babu sirrin bango da ya ɓuyar mini. Ashe da sauran karatu.

Da takardar tambayoyi na fara, a wata makarantar sakandare a Kano, malaminsu yana tsaye a bakin ƙofa. Amsoshin sun yi kyau har sun wuce gona da iri. Kusan kowa Shata yake so ko Ɗanmaraya Jos, kowa waƙar faɗakarwa yake saurare, alhali kuwa a 2015 da Ɗanmaraya ya rasu wasunsu ko firamare ba su shiga ba. Sai daga baya na fahimci cewa malamin nan suke bai wa amsa.

Sai na sake dabara. Na sa aka buga samfurin bango guda uku, na baje su a rumfar wani mai cajin waya da tura waƙoƙi, na koma gefe ina kallon inda hannu zai fara sauka. Na farko dattijon mawaƙi ne da makaɗansa. Na biyu fuskar wani matashin mawaƙi ce ta cika shafin, yana duban mai kallo ido cikin ido. Na uku kuwa mawaƙi ne da 'yar rawa, cikin irin shigar da ake gani a bidiyo.

Na ukun ne ya fi shan ɗauka, shi ne kuma aka fi saurin ajiyewa. Wata yarinya da ta daɗe tana jujjuya shi, da na tambaye ta ko za ta saya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ai ya fi kyau, amma a ina zan ajiye shi?”

Mai karatu, wannan tambaya ta fi mini takardun nan duka amfani. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidaje a 2020 ta cikin waya ne, waya kuwa tana da makulli, kuma a aljihu take kwana. Mujalla ba ta da wannan sutura. A kan tabarma ake barin ta, yaya ya ɗauka, gwaggo ta leƙa, mahaifi ya dawo daga masallaci ya tarar, kuma sau da yawa daga aljihunsa kuɗin sayen ta suka fito. Matashinmu da idonsa yake zaɓe, amma da idon mutanen gidansu yake saye.

Bango na biyu na miƙa wa aminina, tare da shawarar ya rage kanun labaran da ya cunkusa a kai, domin ban ga yaro ko ɗaya da ya tsaya karanta su ba. Shi dai har yanzu ransa yana kan na uku, wai shi masu talla za su fi so. Mai ɗab'i ya ba mu zuwa ranar Litinin.